Faifan da Aka Rubuta wa Balan

Shekara goma sha biyar muna zaune rumfa da rumfa da Gwadabe Mai Rediyo a bakin kasuwar Gaya. Ni ina sayar da littattafai da kayan rubutu tun da na bar koyarwa, shi yana gyara. A duk tsawon wannan zama ban taɓa jin ya yi ko da fito ba. Mutum ne dogo, siriri, marar yawan magana, kullum da tabarau rataye da zare a wuyansa. Da rediyo ya fara, da rediyo ta ja baya ya koma talabijin da fanka, yanzu kuma fitilun sola da lasifikar masallaci sun fi yawa a gabansa. Duk masallacin da lasifikarsa ta shaƙe daga Gaya har Kademi, shi ake aika wa. Iyakar abin da muka sani a kansa ke nan, sai kuma cewa mutumin Balan ne, can iyalinsa da gonarsa suke, kuma ya taɓa zaman Kano da ƙuruciya.

Abin da ya yi a Kanon nan, sai bara muka sani. Zan faɗe shi yadda shi da kansa ya ba ni daga baya.

Shi ne ɗan fari a gidansu. Yana da shekara goma sha bakwai aka yi farin nan da gero ya bushe a tsaye, mahaifinsa ya haɗa shi da wani ɗan'uwansu aka kai shi Kano neman sana'a. Ya samu wuri a shagon wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Cikin shekara huɗu ya zama in aka kawo abin da ya gagari maigidan, shi ake tura wa.

Wata rana a shekarar 1978 wani mutum mai suna Kabo ya zo da kaya a bayan akori-kura. Kabo yana da gidan rawa a unguwar, wanda ya sa wa suna Tauraruwa. Abin da ya kawo kuwa fiyano ne mai aiki da lantarki, wanda wasu makaɗa 'yan Ghana suka bari a kulob ɗinsa bayan ya lalace musu. Maigidan shagon ya leƙa ciki sau ɗaya ya ce a kai bola. Gwadabe ya ce a bar masa. Mako uku ya yi yana bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya da ƙarfen liƙi da dalma, har ran nan ya danna wani maɓalli abin ya yi kuka.

A gefen fiyanon akwai wani ɗan akwati mai buga ganga da kansa. Ka danna nan ya ba ka wannan kiɗa, ka danna can ya ba ka wancan. Gwadabe ya saurare su duka, ya ce duk tafiyar soja suke yi, dama da hagu, dama da hagu, babu wanda zai sa yarinyar Balan ta kwance ɗankwali ta ɗaura a ƙugu. Sai ya shiga cire wasu ƙananan kayan yana sa wasu, yana jinkirta bugu ɗaya, yana gaggauta na bayansa. A hankali akwatin ya koyi ɗingishin kalangu. Ya koyi tafin da 'yan mata suke yi a dandali, mai faɗuwa biyu a jere sannan ya tsallake ɗaya. Shi kuma ya riƙa bin sa da yatsu a kan fiyanon, yana lalubo muryar goge da ta sarewar makiyaya, ba tare da kowa ya taɓa nuna masa ba.

Da Kabo ya dawo ɗaukar kayansa, ya tsaya a ƙofar shago yana ji. Can ya ce, "To kai yaro, ka gyara abu ka mai da shi wani abu daban. Yanzu wa zai kaɗa min shi in ba kai ba?"

Haka Gwadabe ya zama makaɗin Tauraruwa. Wurin ba wani babba ba ne: tsakar gida ce da aka shafe da siminti, an zagaye ta da kujerun ƙarfe, an rataya ƙwayayen lantarki ja da kore a kan waya. Masu zuwa su ne ma'aikatan jirgin ƙasa da na masaƙa, direbobin Legas, ɗalibai, mutanen Chadi da Ghana da Kamaru. Sun saba ganin mutum takwas ko goma a kan dandamali, da ƙahoni da ganguna. Ranar farko da suka ga siririn saurayi shi kaɗai zaune gaban akwati, dariya suka yi. Wani direba har ya zagaya bayan labule don ya kamo mai gangar da aka ɓoye. Bai tarar da kowa ba sai tsintsiyar shara. Kafin ya dawo, fili ya cika da masu rawa.

Gwadabe ya ce mini bai taɓa sa komai a bakinsa a wurin nan ba sai lemo, amma bai ce mini wurin masallaci ba ne. "Na ga abin da na gani, Malam Sagiru," in ji shi. "Ni dai kaina yana kan yatsuna."

Murya ce ba shi da ita. A ƙofar kulob ɗin akwai wata dattijuwa mai sayar da tuwo, tare da 'yar ƙanwarta Hanne, 'yar Ajingi, wadda aurenta na fari ya mutu ta zo zama wajen innar. Wata rana da la'asar Gwadabe yana gwada kayansa kafin mutane su zo, sai ya ji wata murya daga wajen wanke-wanke tana hawa kan kiɗan kamar don ita aka yi shi. Waƙar gaɗa ce irin ta ƙauyensu, amma tana ƙara nata. Ya leƙa ya ce ta maimaita. Ta ce ita ba ta yi komai ba. Sai da aka yi wata biyu ana lallashi, da sa bakin innar, sannan ta yarda, bisa sharaɗin a bayan labule za ta tsaya, kada kowa ya ga fuskarta. Shekara biyar tana waƙa a Tauraruwa, masu rawa da yawa ba su san ita ce mai zuba musu miya ba.

A 1981 wani wakilin ƙaramin kamfanin faifai daga Legas ya ji su, ya dawo da na'urarsa. Da rana tsaka aka rufe ƙofar kulob, aka ɗauki waƙa shida a wuni ɗaya. Da mutumin ya tambayi sunan da za a rubuta, Gwadabe ya tuna mahaifinsa. Ya ce, "Rubuta Balan." Hanne kuwa cewa ta yi ko harafin sunanta aka sa ba ta yafe ba. Saboda haka faifan ya fito da hoton akwati kawai a bangonsa, da kalma ɗaya a sama: BALAN.

Bai yi kasuwa ba. Hausawa suka ce wannan ba kiɗa ba ne, inji ne yake kuka. Mutanen kudu suka ce ba sa jin abin da take faɗa. Gidan rediyo ya sa shi sau biyu ya ajiye. Bayan shekara uku harkar kulob ta fara mutuwa, Kabo ya sayar da wurin aka mai da shi shagon taya. A wannan shekarar mahaifin Gwadabe ya rasu. Ya naɗe fiyanon a buhu biyu, ya hau motar Gaya, ya koma gida ya karɓi fartanya. Ya auri Gaji, ya buɗe rumfar gyara, ya ɗora buhun a saman ɗakin ajiya. Hanne ta koma Ajingi ta yi aure. Tsakanin Balan da Ajingi ba wata tafiya ba ce, amma shekara arba'in ba su sake haɗuwa ba.

Bara, bayan an gama girbin gyaɗa, wata mata ta sauka daga a-daidaita-sahu a gaban rumfata. Ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, da jaka a kafaɗa, ƙafafunta duk ƙura. Ta gaishe ni, ta ce sunanta Suwaibatu, tana gabatar da shirin kiɗan da a wani gidan rediyo a Kano. Ta ce yanzu daga Balan ta taho, can aka ce mata ta zo kasuwa ta nemi wani dattijo mai gyara da ya taɓa zaman Sabon Gari. Na nuna mata rumfar da ke kusa da ni, na kuma bi bayanta, don ban iya zama ba.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Yana liƙe wayar wata fitila, ya amsa bai ɗago ba. Sai ta fara bayani. Ta ce wani Bajamushe mai yawon neman tsofaffin faya-fayai ya tsinci wani faifai a ɗakin ajiyar wani ɗan kasuwa a Kwatano, ya ɗora shi a intanet. Yanzu shekara biyu ke nan ana sa shi a gidajen rawa a Turai, matasa suna tsalle a kansa. Masana suna ta gardama: wasu sun ce daga Mali yake, wasu sun ce Nijar, wasu sun ce Balan sunan makaɗin ne, wasu sun ce sunan kayan kiɗan ne. Abin da suka yarda a kai shi ne, ba su san wani faifan Hausa da aka yi da ganga ta lantarki kafin wannan ba.

"Ni kuwa, Baba, mahaifiyata 'yar Kademi ce," in ji ta. "Ina ganin sunan na ce wannan ai garin da muke wucewa ne in za mu gaida kaka."

Ta danna wayarta. Wani kiɗa ya fito, siriri, mai ɗingishi, kamar kalangu a cikin gwangwani, sai wata murya ta mace ta hau kai:

"Motar Ajingi ta tashi,
Direba dakata mini,
Na bar zanena kan igiya."

Na ga ƙarfen liƙin ya tsaya a hannun Gwadabe har dalma ta ɗiga a kan tebur. Ya ce, "'Yata, ban san wannan ba. Kin yi ɓatan kai."

Suwaibatu ba ta yi musu ba. Ta ce to, Allah ya ba da haƙuri, bari ta ɗan huta kafin ta nemi abin hawa. Ta zauna a kan benci, ta bar waƙar tana tafiya. Can wajen tsakiya kiɗan ya yi wani irin lanƙwasa, ya ja kamar zai mutu, sannan ya miƙe. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka ji wurin nan? Turawa sun rubuta shafi guda a kansa. Sun ce gwaninta ce da ba a taɓa ji ba."

"Wace gwaninta!" in ji Gwadabe. "Wuta ce ta yi ƙasa, Kabo ya ruga ya tayar da janareta."

Ya rufe baki, amma magana ta riga ta fita. Sai Suwaibatu ta sa gefen mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Shi kuma ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Ranar bai yarda da komai ba. Ya ce shi yanzu mai jikoki ne, shi yake gyara lasifikar da ake kiran salla da ita, ba zai shiga rediyo ya ce wa duniya ya yi shekara shida yana kaɗa wa mashaya ba. Suwaibatu ta rubuta lambarta a bayan wani kwali ta ajiye masa, ta tafi.

Da ya koma Balan da yamma ya tarar da Gaji tana tankaɗe. Ya zauna a kan turmi ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce akwai abin da bai taɓa gaya mata ba game da buhun da ke saman ɗakin ajiya.

Ba ta ajiye rariyar ba. Ta ce, "Malam, tun ina amarya na buɗe buhun nan. Ka ce min tsohuwar rediyo ce. Ni ban taɓa ganin rediyo mai haƙora ba."

"Shi ne ba ki taɓa tambaya ba?"

"In tambayi me? Kullum in ka gama cin abinci yatsunka suna yawo a bakin tire. Na san akwai inda suke zuwa. Na ce ranar da ka ga dama ka faɗa."

Ya ba ta labarin tun daga farko. Da ya zo kan maganar rediyo, ta ce ita ba ta ga abin ɓuya ba. Bai yi sata ba, bai cuci kowa ba, kuma abin da ya fi ba ta haushi shi ne a ce mutanen Mali ne suka yi aikin da mijinta ya yi.

Duk da haka sai da ya je wajen Malam Lurwanu, limamin unguwarsu, wanda suka yi karatun allo tare. Ya same shi da hantsi a zaure yana duba littafi. Ya faɗa masa komai, bai rage ba. Malam Lurwanu ya rufe littafin ya ce, "Gwadabe, ba zan ce maka gidan rawa wurin kirki ba ne, kai ma ba ka zo don in ce haka ba. Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, kuma na ga yadda ka yi shekara arba'in a sahun gaba. Amma in an tambaye ka ko kai ka yi abu, kuma kai ka yi, ba ni da ayar da zan ba ka ka ce ba kai ba ne. Ka faɗi gaskiya, ka faɗe ta duka, har da abin da ba ka alfahari da shi."

Washegari Gwadabe ya kira Suwaibatu. Ya ce ya yarda, amma ba shi kaɗai ya yi faifan ba, kuma ba zai buɗe baki ba sai mai muryar ta sani.

Mu uku muka tafi Ajingi. Ba mu sha wahalar nema ba, don kowa ya san Hajiya Hanne mai man gyaɗa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, tana da mata huɗu da suke yi mata aikin matsa da suyar ƙuli-ƙuli. Muka yi sallama, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Ta fito, gajeriya, mai jiki, hannunta yana sheƙin mai. Ta dubi Gwadabe sama da ƙasa.

"Mai akwati," in ji ta. "Ashe kana raye. Har yanzu ba ka yi ƙiba ba."

"Hajiya, ke kuma kin cinye rabona."

Suka yi dariya, aka gaisa, aka yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu, har da Kabo da innarta. Amma da Suwaibatu ta faɗi abin da ya kawo mu, fuskar Hajiya ta canja. Ta ce waccan Hannen ta daɗe da mutuwa, ita ta binne ta da hannunta, kuma surukanta ba su san da ita ba. Suwaibatu ta ce ba komai, amma ko za ta yarda ta ji sau ɗaya? Hajiya ta ce a sa.

Ta saurara da kai a sunkuye. Da aka zo baiti na uku ta ɗaga hannu. "Tsaya. Nan na yi kuskure. Ba haka ake faɗa ba, tsoro ne ya sa na haɗiye rabin maganar." Sai ta rera shi yadda ya kamata, a hankali, tana buga cinyarta. Muryar ta yi kauri, ta sauka ƙasa, amma ba ta karkace ko kaɗan ba. Matan da suke aiki a cikin gida suka bar abin da suke yi suka taru a bakin ƙofa. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Hajiya, dama ke ce? Wannan waƙar ai tana wayar mijina!"

Hajiya Hanne ta dube ta, ta dube mu. Ta ce, "To tunda har ta shigo gidana ba da sallama ba, gara in fito in karɓe ta. Amma ku ji da kyau: murya kawai. Hoto ban yarda ba."

Aka sauko da buhun daga saman ɗakin ajiya. Gara ta cinye katakon ƙasa, ɓeraye sun yi gida a ciki sun gaigaye wayoyi, haƙora huɗu sun karye. Gwadabe ya kawo shi rumfa, ya ture fitilun mutane gefe. Kafinta ya yi masa sabon gida da katakon maɗaci. Wasu kayan ba a yin irinsu yanzu, sai da ya farke tsofaffin rediyoyi bakwai da ke jibge a bayan rumfarsa kafin ya samu. Ina zaune ina kallonsa yana aiki, yana tsaki, yana magana da wayoyi kamar yara. A rana ta ashirin da shida da fara aikin, ana gab da azahar, akwatin ya buga. Mai nama da ke tsallaken hanya ya ɗago da wuƙa a hannu. Masu babur suka kashe injinansu. Gwadabe ya ɗora yatsunsa, ya yi kuskure sau biyu, a na uku hannun ya tuna hanya.

Suwaibatu ta yi shirin a kashi uku, mako uku a jere. Gwadabe ya faɗi komai kamar yadda liman ya ce: kulob ɗin, da masu zuwa, da abin da ake sha, da dalilin da ya sa ya ɓoye sunansa. Ya bayyana yadda ya koya wa akwati tafin 'yan mata. Hajiya Hanne ta ba da labarin labule har mai gabatarwa ta kasa riƙe dariya. Layukan waya suka cushe. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya kira daga Zariya yana kuka, ya ce a kan wannan kiɗan ya fara ganin matarsa, yau shekara uku da rasuwarta. Matasa masu haɗa kiɗan fina-finai suka riƙa kira suna cewa su sun ɗauka da su aka fara kiɗan fiyano a ƙasar Hausa.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani masallaci a Gaya ya daina aiko masa da lasifika. Akwai waɗanda suka riƙa ce masa "ɗan disko" in ya wuce, wani ma ya faɗa a gabansa cewa tsufa bai hana shi tonon asirin kansa ba. Abin ya dame shi kwana biyu. Amma a Balan, dagaci da kansa ya zo har gida ya ce sunan garinsu ya je inda shi bai taɓa zuwa ba, kuma yana so a ji kiɗan nan a ƙasar da aka haife shi.

Aka shirya taro ranar wata Asabar da hantsi a wani ɗakin taro a Gaya. An jera kujera ɗari biyu, mutanen da suka zo sun ninka haka, har a kan tagogi. Motoci suka zo daga Kano cike da makaɗa da 'yan jarida. Bajamushen nan ma ya zo, ja wur saboda rana, rungume da faifan a ƙirji kamar jariri. Da aka kai shi gaban Gwadabe ya miƙa masa da hannu biyu. Gwadabe ya juya shi gaba da baya. Rabon da ya ga faifan tun ranar da ya bar Kano, don ko ɗaya bai taho da shi ba.

Ya hau dandamali da farar riga da hula zanna, ya zauna gaban akwatinsa shi kaɗai. Ya danna. Da kiɗan ya cika ɗakin, tsofaffin mata da ke gefen dama suka gane tafin tun kafin kowa, suka ɗauka gaba ɗaya, biyu a jere a tsallake ɗaya. An shirya cewa Hajiya Hanne za ta yi waƙa daga inda take zaune a cikin mata, an ma ja mata wayar makirufo har can. Ta yi baitin farko a zaune. A na biyu sai muka ga ta miƙe. Ta gyara mayafi, ta ratsa tsakiyar mutane tana jan waya a bayanta, ta hau matakala uku, ta tsaya kusa da fiyano tana fuskantar jama'a. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Na duba na ga Gaji a tsaye tana guɗa fiye da kowa, manyan 'ya'yan Hajiya maza biyu kuma suna share hawaye a sahun gaba. Masu ɗaukar hoto suka yi cirko-cirko, don an gargaɗe su. Hajiya ta dakata tsakanin baiti ta ce a cikin makirufo, "Ku ɗauka mana. Me kuke jira?"

Waƙa shidan suka yi duka, aka ce a maimaita ta farko, suka maimaita.

Bayan wata biyar kamfanin Bajamushen ya sake buga faifan. Suwaibatu ta samo musu lauya ya duba takardun kafin su sa hannu, kuma sharaɗin farko da suka kafa shi ne na suna. Na riƙe sabon bangon da hannuna. A ƙarƙashin BALAN an rubuta: Gwadabe Haruna, kiɗa, Hanne Ajingi, waƙa. A ciki akwai hotonsu su biyu, da tarihin Tauraruwa cikin Hausa da Turanci da Jamusanci. An gayyace su Turai. Hajiya ta ce ita jirgin da ta shiga na Makka ya ishe ta, Gwadabe kuma ya ce sai bayan damina ya yi shawara.

Yanzu rumfar da ke kusa da tawa ba ta rabuwa da baƙi. Masu situdiyo suna zuwa daga Kano da kwamfutocinsu, manya da su, masu suna a harkar, su zauna a benci yana nuna musu inda bugu zai jinkirta. Yakan ce musu na'urarsu ta cika daidai, shi ya sa ba ta da daɗi. Yana nan yana gyaran fitila da fanka, ya kuma shuka gero da wake bana kamar kullum.

Duk ranar Laraba yakan ɗaura akwatin a bayan babur ya tafi Ajingi. A zauren Hajiya suke aiki, matan gidan suna yi musu amshi in sun sauke kasko. Sun gama sababbin waƙoƙi uku, suna kan ta huɗu, wadda Hajiya ta yi a kan matan da suke tashi da aikin gyaɗa su ciyar da gida. Makon jiya na tambaye shi yaushe za mu ji. Ya ce Hajiya ta ce kiɗan yana gudu ya bar ta, shi kuma ya ce ita ce take jan ƙafa, kuma har yanzu ba a samu wanda ya sauko ba. Ya ce in ina so in bi shi Laraba mai zuwa in raba gardamar. Na ce zan je.